Darussan Aikin Hannu a Makarantun Sakandare da Gudummawar Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da manhajar sakandare ta Nijeriya ta tanada, akwai wani rukuni wanda ba a iya tabbatar da cewa ɗalibi ya koye shi ta hanyar duba abin da ya rubuta a takarda kawai. Wannan rukuni ya ƙunshi darasin fasaha, da aikin gona, da tattalin gida, da motsa jiki, da kuma sana'o'in da aka shigar cikin manhajar babbar sakandare. Su ne muka kira darussan aikin hannu a wannan babi. Ana gane wanda ya koye su ne idan an miƙa masa zarto ya yanka katako daidai kan layi, ko ya ja kunya ta miƙe, ko ya ɗinka hannun riga, ko ya tsayar da jinin abokinsa da ya ji rauni a filin wasa.

Muhimmancin darussan a fili yake. Ɗalibai da yawa karatunsu a ƙaramar sakandare yake tsayawa, waɗanda suka kammala babbar sakandare kuma sun fi guraben manyan makarantu yawa nesa ba kusa ba. Ga irin waɗannan matasa, abin da hannunsu ya iya shi ne guzurin da za su fita da shi daga makaranta. Saboda haka za mu bayyana yadda darussan suka shigo manhaja, da abin da kowannensu ya ƙunsa, da dalilan da suka sa a makarantu da dama suka koma darussan alli da allo. Daga nan za mu nuna cewa, ban da rashin kayan aiki wanda kowa yake ambato, akwai matsalar harshe, kuma malamin Hausa yana da abin da zai bayar wajen warware ta.

2.0 Yadda Darussan Suka Shigo Manhaja

Kafin zuwan makarantun boko, a gida da wurin aiki Bahaushe yake koyon sana'a. Ɗan maƙeri yakan fara da ɗauko gawayi da zuga, sannan a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sai bayan shekaru a bar masa masaba. Haka abin yake a marina da majema da rumfar dukawa. Tsarin yana da matakai, yana da mai dubawa, kuma ba a cewa yaro ya ƙware sai an ga abin da ya ƙera.

Makarantun boko na farko ma ba su yi watsi da wannan fage ba. A Kalaba, makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895 ta koyar da kafinta da gini da ɗab'i. A Kano, makarantun da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa a 1909 sun haɗa da sashen sana'o'i, kuma Hausa ce harshen koyarwa a cikinsu. Sai dai tafiya ta yi tafiya, iyaye da ɗalibai suka lura cewa wanda ya iya Turanci da lissafi shi yake zama akawu ko malami, ya sami albashi da girma. Ta haka makarantar sakandare ta zama hanyar shiga ofis, aikin hannu kuwa aka bar wa wanda ake ganin bai da ƙoƙari a aji.

Wannan karkata ce babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soka. Shawarwarin taron su suka haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, kuma daga cikinta aka sami tsarin 6-3-3-4. An fara aiwatar da matakin ƙaramar sakandare a 1982, shekarar da yaran da suka shiga firamare ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976 suka kammala aji shida, ko da yake ba dukkan jihohi ne suka fara a lokaci guda ba. A sabon tsarin, kowane ɗalibi zai ɗanɗana darussan share fagen sana'a na shekara uku, domin a gano inda basirarsa ta karkata. Bugun 2004 na manufar ya fayyace rabon da ake fata bayan aji uku: kashi 60 cikin 100 su wuce babbar sakandare, kashi 20 kwalejin fasaha, kashi 10 cibiyoyin koyon sana'a, ragowar kashi 10 kuma su shiga almajirancin sana'a wurin ƙwararru.

Daga baya an ci gaba da sauya fasalin darussan. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERDC, ta fito da manhajar shekara tara. A gyaran 2012 an cusa fasaha da motsa jiki da ilimin kwamfuta cikin darasi ɗaya tare da kimiyya, aikin gona da tattalin gida kuma aka haɗe su wuri guda. A babbar sakandare, manhajar da ta fara aiki a 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin sana'o'i 34. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da rage su zuwa shida: haɗa na'urorin wutar hasken rana da gyaransu, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma noma da aikin lambu. Idan muka dubi wannan tarihi, za mu ga cewa tun daga 1977 babu manhajar da ta fito ba tare da ta ba aikin hannu gurbi ba. Ke nan ba a rubutun manufa matsalar take ba.

3.0 Abin da Darussan Suka Ƙunsa

3.1 Fasaha da Ɗakin Aiki

Darasin da ɗaliban shekarun 1980 da 1990 suka sani da suna Intirotek ya tattaro aikin katako, da aikin ƙarfe, da zanen fasaha, da lantarki, da gini, da sanin injuna. Ba a nufin ya mayar da yaro kafinta ko makanike cikin shekara uku. Abin da ake nema shi ne yaro ya saba da awo, ya iya karanta zane, ya san yadda ake riƙe kayan aiki ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba, ya kuma fahimci dalilin da ya sa abu yake aiki.

Misali biyu za su isa. Na farko shi ne daidaita kusurwar gini. Idan aka auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya igiyar, aka tarar tsakanin alamomin biyu ƙafa 5 ne cif, to kusurwar ta daidaita. Magina da yawa suna yin wannan a wurin aiki, ɗalibi kuma yana haddace ƙa'idar Fitagoras a ajin lissafi, alhali abu ɗaya ne. Ɗakin aiki shi ne inda ya kamata su haɗu. Na biyu shi ne ɗaura fulogi mai ƙafa uku. A tsarin launi na yanzu, waya mai ruwan ƙasa ita take ɗauke da wuta, shuɗiya ita ce ta komowa, mai ratsin kore da rawaya kuma ita take zubar da wuta a ƙasa idan an sami matsala. A tsohon tsari launukan ja ne da baƙi da kore. Fis mai amfiya 13, a wutar gida mai bolt 230, yana ɗaukar kusan wat 3,000. Ɗalibin da ya ɗaura fulogi da hannunsa, ya yi wannan lissafi, zai gane haɗarin da yake cikin jona dutsen guga da hita a soket ɗaya, da kuma haɗarin maye gurbin fis da guntun waya. Wannan ilimi ne da yake hana gobara a gida da kasuwa.

3.2 Motsa Jiki da Kiwon Lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Yaron ƙauye da yake zuwa gona da ɗiban ruwa yana iya samun haka ba tare da makaranta ba, amma yaron birni da yake hawa Keke Napep zuwa aji, musamman 'ya mace, sau da yawa darasin motsa jiki ne kaɗai damarsa. Duk da haka, a makarantu da dama darasin ya koma zanen filin ƙwallo a allo da haddace tsawonsa da faɗinsa, domin filin makaranta an gina azuzuwa a kansa, ko kuma makarantar tun asali a gidan haya take.

Wani abin lura shi ne, wannan darasi ya fi sauran sauƙin kayan aiki. Langa ba ta buƙatar komai sai fili kaɗan: ɗan wasa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi tsalle da ɗaya, yana ture abokin karawa ba tare da ya saki ƙafar ba. A cikinta akwai ƙarfin ƙafa da daidaita jiki da juriya da dabarar aiki tare. Ita da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, don haka ba abin rainawa ba ce. Wasannin gaɗa na 'yan mata su ma motsa jiki ne sosai, kuma iyaye sun fi sakin jiki da su. Ɓangaren kiwon lafiya shi ma haka yake. Malami yana iya sa ɗalibai su ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsu na daƙiƙa 15, su ninka sau huɗu, sannan su zaga fili da gudu su sake ƙirgawa. Abin da suka ji a yatsunsu ya fi shafi guda na bayanin zuciya zama a ƙwaƙwalwa. Sai dai dole a yi la'akari da yanayi: a watannin bazara da sassafe ya kamata a sa darasin, a lokacin azumi kuma a sassauta.

3.3 Aikin Gona da Tattalin Gida

Mafi yawan ɗaliban karkara sun riga malaminsu iya riƙe fartanya. Abin da makaranta za ta ƙara musu shi ne awo da gwaji da ajiye lissafi. Misali, idan aka shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami, hekta guda za ta ɗauki tsiro kusan 53,000. Ɗaliban da suka raba fili gida biyu, suka sa wa ɗaya taki suka bar ɗayan, sannan suka auna amfanin kowanne, sun koyi hanyar binciken kimiyya a aikace. Amma gonar makaranta tana da cikas biyu. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da gona ta fi buƙatar kulawa. Na biyu kuma, al'adar sa ɗalibi yankan ciyawa a matsayin horo ta sa yara suna ɗaukar aikin gona wulaƙanci. Lambun rani da kiwon kaji ko awaki sun fi dacewa da kalandar makaranta inda akwai ruwa.

A tattalin gida ana koyar da abinci mai gina jiki, da ɗinki, da renon yara, da tsara kuɗin cefane. Haɗa ruwan gishiri da sukari, wato cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, darasi ne na minti kaɗan wanda yake ceton ran jariri mai gudawa. Babu hujjar ware wa 'yan mata irin wannan ilimi su kaɗai, tunda a ƙasar Hausa maza ne suka fi yawa a aikin tela.

3.4 Kiyaye Haɗurran Hanya da Koyon Tuƙi

A Amurka makarantun sakandare sun fara koyar da tuƙi tun shekarun 1930, domin a jihohi da yawa na can matashi yana samun lasisi yana ɗan shekara 16. A Nijeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi lasisi, kuma ana buƙatar ya bi ta makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita. Saboda haka tuƙin mota ba ya cikin darussan sakandarenmu. Amma wannan bai raba makaranta da alhaki ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1.19 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗalibanmu suna tsallaka titi kullum, suna hawa babur, wasunsu ma da sun tashi daga makaranta acaɓa suke yi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003 da sa hular kwano a 2009, tana kuma kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu. Abin da aji zai ƙara shi ne fahimtar dalili. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun kilomita 100 kuwa kusan mita 28. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki, ya riga ya shafe wannan tazara. Bayan ya taka birkin ma, ninka gudu sau biyu yana ninka nisan tsayawa sau huɗu. Malami yana iya fitar da ɗalibai fili su auna mita 28 da igiya, su tsaya su gani da idonsu. Haka kuma, tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, mai tafiya a ƙasa inda babu hanyar masu ƙafa ya kamata ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da suke tahowa. Siffofin alamomin hanya ma darasi ne mai sauƙi: mai kusurwa uku gargaɗi ce, zagayayyiya umarni ko hani, mai kusurwa huɗu kuma bayani.

4.0 Dalilan Komawarsu Darussan Allo

Dalili na farko shi ne kuɗi. An fara tsarin 6-3-3-4 ne daidai lokacin da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya biyo baya. An shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, amma da yawansu sun daɗe cikin akwatunansu saboda babu ɗakin da za a kafa su, ko babu wutar lantarki, ko babu wanda ya san yadda ake sarrafa su.

Na biyu shi ne malamai. Akwai kwalejojin ilimi na fasaha na tarayya a wurare irin su Bichi da Gombe da Potiskum da Gusau da Akoka da Umunze, amma wanda ya ƙware a walda ko lantarki yakan sami abin da ya fi albashin koyarwa a waje. Sai a ɗora darasin a kan malamin kimiyya ko na lissafi, wanda shi ma a littafi ya san zarto. Na uku shi ne yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci. Bugun 2004 na manufar ilimi ya nemi malami ɗaya ga ɗalibai 20 a aikin hannu na kwalejojin fasaha, alhali azuzuwan birane sukan ninka haka sau uku ko huɗu. Darasi mai minti 40 kuma kafin a fito da kaya a raba, an kaɗa ƙararrawa. Na huɗu shi ne jarrabawa. Tunda mafi yawan makin da yake kai ɗalibi gaba daga rubutacciyar jarrabawa yake fitowa, malami da ɗalibi duk sun san cewa haddace sunayen kayan aiki ya fi amfani da su riba.

5.0 Matsalar Harshe

Dalili na biyar, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne harshe. Ingilishi ne harshen koyarwa a sakandare a dukkan bugun manufar ilimi. Taƙaddamar da ake yi ta fi shafar firamare: a 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan manufa. Ba nufinmu a nan mu shiga wannan muhawara ba. Abin da muke son jawo hankali gare shi shi ne, umarnin ɗakin aiki ya bambanta da bayanin aji. Gajere ne, ana bayar da shi hannu yana cikin aiki, kuma rashin fahimtarsa nan take yana iya jawo asarar yatsa. Malamin da ya ga ɗalibi ya kai hannu kusa da bakin inji, da harshen da yaron zai ji ba tare da tunani ba ya kamata ya tsawata masa. Inda malami bai da tabbacin cewa ɗalibai suna fahimtarsa, abin da ya fi masa sauƙi da aminci shi ne ya kulle ɗakin aiki ya rubuta musu bayani su kwafa.

Har ila yau, akwai gibi tsakanin harshen makaranta da na kasuwa. Littafi yana awo da milimita, mai sayar da katako kuma da inci da ƙafa yake ciniki. Ɗalibin da bai san cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne ba, kuma falanki mai ƙafa 12 ya kai kusan mita 3.66, ba zai iya sayo kayan aikin da ya zana ba. Haka nan yana iya cin jarrabawa a kan sassan inji da Turanci, ya je gareji ya kasa gane abin da ake nufi da lagireto ko totur.

Idan muka dubi kalmomin wannan fage a Hausa, za mu tarar sun kasu gida uku. Kashi na farko kalmomi ne na asali, waɗanda sana'o'in gargajiya suka tanada: uwar maƙera, masaba, zugazugi, awartaki, magagari, gizago, lauje, magirbi, muciya, rariya. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana da yawa daga cikinsu. Kashi na biyu kalmomin aro ne da suka riga suka zauna a bakin masu sana'a, kamar sufana, filaya, sukudireba, noti, birki, giya, sitiyari, walda. Waɗannan Hausa ce, kuma ƙoƙarin maye gurbinsu da ƙirƙirarrun kalmomi ɓata lokaci ne. Kashi na uku shi ne inda aikin masana yake. Hausar yau da kullum tana kiran abubuwa da dama da kalmar ƙarfi, alhali kimiyya ta bambanta turawa ko jan da ake yi wa abu, da makamashin da aka kashe, da saurin kashe shi. Kalmar nauyi tana ɗaukar ma'ana biyu da kimiyya ta raba, kalmar wuta kuma tana nufin harshen wuta da lantarki da abin da yake gudana cikin waya. A nan ne ake buƙatar keɓaɓɓun kalmomi da aka yi ittifaƙi a kansu. An riga an yi irin wannan aiki ga nazarin harshe da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma hanyar da aka bi tana iya amfani a nan.

Wani abin mamaki shi ne, manhajar Hausa ta sakandare ta riga ta ƙunshi sana'o'in gargajiya da wasanni a sashen al'adu. Ɗalibi yana karanta ƙira da jima da rini da langa wurin malamin Hausa a matsayin al'ada, sannan ya shiga ajin fasaha ya karanta aikin ƙarfe da Turanci kamar baƙon abu daga wata ƙasa. Maƙerin da yake gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa don ya yi tauri, abin da littafin fasaha yake bayani a kansa yake yi. Darussan biyu suna maƙwabtaka a jadawali, amma babu mai shiga gidan wani.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Malamin Hausa da malaman darussan aikin hannu su riƙa tsara wasu batutuwa tare, ta yadda makon da ake karanta ƙira a ajin Hausa shi ne makon aikin ƙarfe a ajin fasaha, kuma a kai ɗalibai maƙera ko gareji sau ɗaya don amfanin darussan biyu.

(b) A yi amfani da darasin insha'i da na fassara. Maimakon maimaita batutuwan da aka saba, a sa ɗalibi ya rubuta matakan ɗaura fulogi, ko facin taya, ko yankan riga, sannan a ba wani ɗalibin ya bi rubutun. Idan aikin ya yiwu, rubutun ya yi kyau.

(c) A sa ɗalibai su tattaro kalmomin sana'a daga bakin masu ita, tare da garin da aka ji kowace kalma, domin karin harshe yana da tasiri. Kalmar hauya, alal misali, ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. Abin da aka tattara shi zai zama tushen ƙaramin ƙamus mai harshe biyu da zane-zane.

(d) A rubuta dokokin tsaro na ɗakin aiki da na hanya da Hausa da Ingilishi, a manna su inda kowa zai gani. A yankunan da ake magana da Igbo ko Yarbanci ko wani harshe, a yi haka da harshen wurin.

(e) A gayyato ƙwararrun masu sana'a na gari su riƙa nuna aiki, a biya su haƙƙinsu, malami kuma ya ɗora bayanin dalili a kan abin da suka nuna.

(f) A fara da kayan hannu masu araha waɗanda ba sa buƙatar lantarki, a haɗa darasi biyu a jere domin lokaci ya isa, kuma a ware wani kaso na makin auna fahimta na zango ga abin da ɗalibi ya yi da hannunsa.

7.0 Kammalawa

A wannan babi mun ga cewa darussan aikin hannu sun daɗe a manhajar Nijeriya, kuma kowane gyara yana sake jaddada su. Mun ga abin da kowannensu zai iya ba ɗalibi idan an koyar da shi a aikace, da kuma dalilan da suka hana hakan, waɗanda suka haɗa da kuɗi, da malamai, da cunkoso, da tsarin jarrabawa, da harshe. Huɗu na farko suna hannun hukumomi, kuma maganinsu yana buƙatar kasafi da lokaci. Na biyar kuwa makaranta tana iya fara aiki a kansa da abin da take da shi: malamin Hausa, da malamin fasaha, da masu sana'ar da suke bayan katangarta. Sana'o'i shida da aka zaɓa a 2025 duk akwai masu yin su da Hausa a kasuwanninmu, daga mai gyaran waya zuwa mai haɗa sola. Aikin da yake gabanmu, mu masu nazarin harshe da tsara manhaja, shi ne mu tattara wannan Hausa, mu tace ta, mu cike giɓinta, sannan mu sa ta a hannun malamai kafin sabuwar manhajar ta bi sahun waɗanda suka gabace ta zuwa allo.